Tambarin makaranta a allon ɗora manhaja: Windows ko Lubuntu?

Wa alaikumus salam, Malam. Kan tsofaffin kwamfutocin makarantarku ta Nima, a Accra, da kake so tambarinta ya riƙa fitowa lokacin da ake ɗora musu manhaja, ɗauki Lubuntu, wani nau'in Linux mara nauyi. Shi nake aiki da shi, kuma a wannan fannin Windows bai kama ƙafarsa ba.

Abin da ke ɗora Lubuntu sunansa Calamares, kuma tun asali an gina shi ne don kowa ya sa masa tasa rigar. Ka samu kwamfuta ɗaya mai Ubuntu ko danginsa, ka sa mata Cubic, manhajar gyara fayil ɗin ISO (fayil guda da ke ɗauke da duk kayan ɗorawa), ka ba shi ISO ɗin Lubuntu. Zai warware shi ya buɗe maka tagar rubuta umarni a cikinsa. Shiga /etc/calamares/branding/, ka kwafi foldar da ka tarar ka ba kwafin sabon suna, misali makaranta. A ciki akwai branding.desc, wanda rubutu ne zalla. Layi uku ke riƙe da hotuna: productLogo shi ne tambarin saman gefen hagu, ya zama mai kusurwa huɗu daidai wa daida domin a 80 da 80 ake nuna shi, productWelcome hoton shafin maraba ne, 320 da 150 ya wadatar, productIcon kuma ɗan ƙaramin alamar taga. PNG za ka yi amfani da shi, wanda bayansa babu launi, in ba haka ba tambarin zai fito cikin farin akwati kamar an manna takarda.

Inda abin ya fi daɗi shi ne show.qml. Nan hotunan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya suke, lokacin da fayiloli ke kwafuwa. Kowane hoto da nasa Slide, sai ka sauya sunan hoton da rubutun da ke ƙasansa. Za ka iya jera hoton ginin makaranta, dokokin ɗakin kwamfuta, har gargaɗin kada yara su shigo da koko kusa da allon rubutu, duk da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu daram. Yaro ya ga harshensa a kan allo tun kafin injin ya gama shiri, ai ka gama sayen zuciyarsa.

Wurare uku ake tuntuɓe. Sunan da ke gaban componentName dole ya zama daidai da sunan foldar, harafi da harafi, kuma shi za ka rubuta a layin branding na /etc/calamares/settings.conf, in suka saɓa, Calamares ba zai ma buɗe ba. Sannan fayil ɗin tsarin YAML ne, ba ya karɓar maɓallin Tab, sai tazara. Na ukun kuwa Linux yana bambanta Logo.png da logo.png. Kafin ka zuba a filas, gwada ISO ɗin a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ka buɗe tagar umarni a cikinsa ka rubuta sudo calamares -d, zai zayyano maka layin da ya ƙi. In Linux Mint ka fi so, shi Ubiquity yake amfani da shi, hotunansa suna /usr/share/ubiquity-slideshow/ cikin shafukan HTML, shi ma ba wuya.

Windows kuwa, ana yi, amma da guminka. Hoton yana kulle cikin sources\boot.wim, kashi na 2. Ka kwafe ISO ɗin zuwa folda, ka cire wa fayil ɗin alamar karatu-kawai da attrib -r, sannan ka buɗe shi da dism /mount-wim /wimfile:C:\iso\sources\boot.wim /index:2 /mountdir:C:\mount. A ciki ka nemi sources\background.bmp da Windows\System32\setup.bmp. TrustedInstaller, wani asusun Windows kansa, shi ne mai su, don haka sai ka ƙwace mallaka da takeown, ka ba kanka izini da icacls, kafin su yarda a maye gurbinsu. Sabon hoton ya zama BMP mai faɗi da tsawo irin na asali. Ka rufe da dism /unmount-wim /mountdir:C:\mount /commit, ka sake haɗa ISO da oscdimg na Windows ADK. In ka bar tagar foldar a buɗe, rufewar za ta ƙi, sai ka bi ta da dism /cleanup-wim. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ya same ka ana tsakiyar commit, kada ka yarda da wannan boot.wim ɗin, ɗauko sabo. Shi ya sa ake ajiye kwafi tun farko. Sauran zanen tagar yana cikin spwizimg.dll, sai an fasa shi da manhajar Resource Hacker. Bayan duk wannan wahala, bango ɗaya ka samu, wanda ba mai ganinsa sai mai ɗorawa, na 'yan mintuna. Ga shi Windows 11 na 24H2 ya zo da sabuwar fuskar ɗorawa, alhali yawancin bayanan da ke intanet na zamanin 7 da 10 ne. Ka kuma tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin injin, abin da tsofaffin injina da dama ba su da shi.

Tambarin HP ko Dell da ke fitowa da zarar an kunna, wannan ba na Windows ba ne, ba na Linux ba. Yana cikin BIOS, ƙwaƙwalwar da ke jikin injin kansa. Bar shi inda yake.

Ba ka tambaya ba, amma in za ka kasuwar Circle ta Accra sayen filas, ka yi hattara. Wasu za su ce suna da Windows ɗin da aka riga aka yi wa ado, su sa maka tambari nan take. Wanda ya iya buɗe boot.wim ya iya buɗe install.wim, inda ainihin Windows ɗin yake, ya kashe Defender mai tsaron Windows, ya cusa abin da ya ga dama, kai kuma ka kai wa yara. Sauke ISO daga shafin masu shi, ka duba lambar SHA256 da ke tabbatar da ba a taɓa fayil ɗin ba. Filas ɗin ma akwai na jabu, an rubuta 64GB amma cikinsa bai kai ba. Manhajar H2testw za ta tona shi, ka gwada a ranar da ka saya tun mai kaya bai manta fuskarka ba. 8GB na gaske ya ishe ka.

In hukumar makaranta ta dage sai Windows saboda Word da Excel, ƙyale allon ɗorawar, ka sa tambarin a bangon kwamfuta da allon kulle, inda yara za su gan shi kullum. In zaɓi a hannunka yake, sauke Lubuntu 24.04 da Cubic, ka fara da injin ɗaya kafin ka bi sauran.