Leza ko farantin igiyar ruwa? Amsa ga Malam

Malam, tsakanin farantin igiyar ruwa (farantin da ake zuba wa ruwa a kaɗa shi don a ga tafiyar igiyoyinsa) da 'yar ƙaramar leza da kake shawarar saya don nuna wa ɗalibai cewa haske igiya ne kamar igiyar ruwa, ɗauki jar leza, ka huta.

Tawa irin wadda ake maƙalawa a makulli ce, batirin agogo take ci. Nakan turara gutsuren gilashi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi ƙirin, in haɗa sababbin reza biyu in ja layi sau ɗaya. Tsaga biyu ke nan, tazararsu kamar kaurin reza guda, wajen milimita 0.1. A rufe tagogi, a haska lezar ta cikin tsagar zuwa bango daga nisan mita 3. Kowa a aji layi biyu yake jiran gani. Sai ga jerin jajayen ɗigo, duhu na ratsa su, tsakanin kowanne da maƙwabcinsa kusan santimita 2. Lissafin ma yara na iya yi da kansu: tsawon zangon jan hasken, wato tazarar tudun igiyarsa zuwa tudu na gaba, nanomita 650 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), a ninka da mita 3, a raba da tazarar tsagar.

Akwai wani ɗalibina mai gardamar tsiya da ya dage wai gilashin ne ya tsattsage. Na ce ya samo silin gashi ya miƙe shi a gaban lezar, babu gilashi babu komai. Hasken ya baje hagu da dama, da giɓin duhu a jere. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Malam, wato haske da haske sai su haɗu su ba da duhu?" Ai kuwa. Inda tudun igiya ɗaya ya faɗa kan kwarin ɗayar, kashe juna suke yi. Inda tudu ya hau tudu kuma hasken ya ƙaru. Hujjar da masanin kimiyya Thomas Young ya kai gaban masanan Landan ke nan a 1803, da hasken rana da siririn kati, a zamanin da maganar Newton cewa haske ƙwayoyi ne ta fi rinjaye a Ingila.

Farantin kuwa ina da shi, yana kan kabad yana shan ƙura. Sai da wuta, sai tebur wanda bai karkace ba, kuma bayan duk wahalar yaro mai kai zai ce maka wannan ai ruwa ne, ina hasken?

Ka yi hattara da masu shago. Koriyar za su tura maka, mai nanomita 532, don ta fi ɗaukar ido kuma ta fi tsada. Da yawa an rubuta musu ƙarfin miliwat 5 a jiki alhali ƙarfinsu ya ninka haka, masu arahar kuma suna fitar da wani haske da ido ba ya gani amma yana lahanta shi. Duk wanda ya kunna maka ashana ko ya fasa balan-balan da lezarsa don ya burge ka, ajiye masa kayarsa. Nemi ja wadda ba ta kai miliwat 1 ba, kuma kada ta bar hannunka a cikin aji.

In ka samu tsohon faifan CD, haɗa da shi. Tazarar layukansa maikiromita 1.6 ce (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), ɗigon da yake mayarwa bango suna da nisa da juna sosai, har 'yan kujerar baya za su gani.