Lambun shuke-shuke na hanyar Lamingo, da gwandata da ta ƙi haihuwa

Bara war haka na sayi dashen gwanda guda huɗu a wani lambu da ke bakin titi in ka nufi Lamingo a nan Jos, irin wuraren nan da ake jera shuka cikin baƙar leda. Na dasa, na zuba kashin kaji, da rani har ruwan 'yan garuwa nake saya saboda su. Uku suka miƙe suka yi fure jingim amma ko ɗa ɗaya babu, furen ya bushe ya zube wani ya fito. Maman yara kullum tsokana, wai na sayo mata tuzurai.

Ranar Asabar na koma da niyyar rigima wallahi. Dattijon mai wurin ya bari na gama zuba sannan ya ce, "Ɗana, furen a dogon sili yake reto ko manne yake da jikin itacen?" Na ce reto yake Baba. Ya yi dariya ya ce to maza ka kwasa. Ashe gwanda akwai namiji, akwai mace, akwai mata-maza, kuma tun tana cikin leda ido baya rabewa sai ta yi fure. Namijin aikinsa ƙurar fure kawai, ƙwari su ɗauka su kai wa macen, guda ɗaya ya ishi mata wajen goma. Ya ce dabino ma haka yake, shi ya sa manomansa a su Dutse ke hawa su yi masa barbara da hannu.

Nan ne ƙorafina kuma ban janye ba. Ilimin nan kafin a karɓi kuɗina ya kamata a ba ni. Da an ce min in dasa uku-uku a rami ɗaya in jira fure in sare mazan, da ban yi shekara ina shayar da ƙarti ba.

Amma abin da ya sa na kai azahar a wurin wata gajeriyar shuka ce a tukunya, kamar ƙaramar kwakwar manja, ganyenta da tauri kamar roba. Ɗan Baban, da ke karatu a kwalejin gandun daji ta nan Jos, ya ce sunanta sayikad kuma ba dangin kwakwa ba ce sam. Ba ta fure, ba ta 'ya'yan itace, irinta tsirara yake fitowa, kamar dai itatuwan fayin ɗin nan da muke gani a Jos masu ganye kamar allura, su iska ce ma ke kai musu ƙurar. Ya ce masana sun gano burbushin shuke-shuke masu iri a duwatsu na sama da shekara miliyan 360, kafin nan sai irin su gansakuka da sai da danshi suke hayayyafa, domin ƙwayar namijin iyo take yi a ruwa ta je wurin ta mace. Da ƙurar fure da iri suka samu sai shuka ta daina jiran ruwa. Ya fasa min ƙwallon piya ya nuna min ɗan tsiron a tsakiya, fari ƙarami kamar haƙorin jariri, ya ce ga jaririn, ga guzurinsa, ga rigarsa. Masu fure su ne 'yan baya-bayan nan, wajen shekara miliyan 130, su suka lulluɓe irin da nama mai zaƙi don jemage da tsuntsu da mu kanmu mu sha mu yar da ƙwallon can nesa. Wato dai mangwaron da muke rububi ladan dako ne ake biyanmu, ni abin ya ba ni dariya.

Kan mangwaron ma sun hana ni yin wata asarar. Na zo da ƙwallon wani mai daɗi da na sha zan shuka, Baba ya ce uwar ka sani, uban fa? Ƙudan da ya kawo ƙurar ba ka san daga wace bishiya ya taso ba, ba lallai ɗan ya biyo ta ba, ga jira shekara shida ko fiye. Sai ya ɗauko mai aure, ya nuna min tabon haɗin naɗe da farar leda ƙasa-ƙasa, ya ce duk reshen da ya tsiro ƙarƙashin tabon nan in cire shi, na gindin ne. Wannan shekara uku zuwa huɗu ya fara.

Farashi gaskiya ya ɗan ciza, musamman sayikad ɗin, ko tayawa ban yi ba. Ba su da POS sai tiransifa, kuma in an yi ruwa kar ka je da takalmi mai kyau, taɓo ne har idon sawu. Mangwaro ɗaya da piya ɗaya na ɗauka, Baba ya ƙara min gwanda uku kyauta wai na huce. Mazan nan kuwa biyu na sare jiya da yamma, na bar ɗaya ko za a samu mace cikin sababbin.