Kwali ko Katako: Wanne Ya Fi Riƙe Zaren Ulu?

Da zan naɗe haruffan sunan ɗiyata da zaren ulu, duka biyun na gwada. Kwali ba ya cin kuɗi, katan ɗin taliya da reza sun isa. Amma da ka ja zare da ƙarfi sai ya lanƙwashe, musamman ƙafafun A, dole ka manna biyu ko uku da gam. Danshin Zariya na watan Agusta kuma yakan sa shi laushi.

Katako kuwa sai kafinta, a Sabon Gari aka yanka mini. Santsi gare shi, zare kan zame a kusurwa sai an ɗiga gam tukuna. Duk da haka shi na rataye a ɗakinta, jan Z ɗin nan, har yau bai warware ba.