Boa Bista ko Moheli: ina matashin Maradi zai je aikin sa kai?

Matashin da ya tashi a Maradi, inda Gulbi kan ƙafe da rani, idan ya yi niyyar aikin sa kai na kare kunkurun teku, tsibirai biyu sun cancanci ya auna su: Boa Bista a ƙasar Kef Bad da ke cikin teku yamma da Senegal, da Moheli a ƙasar Komoros.

Boa Bista ta fi kusa, domin ta Dakar ake bi. Aikin sintirin dare ne a bakin teku, ana bin sawun uwar kunkuru a rairayi har inda ta binne ƙwai, ana tsare wurin daga mafarauta. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai Fotugis da Kiriyol ake yi, kuma lokacin ƙwan, Yuni zuwa Oktoba, shi ne daminarmu. Wanda mahaifinsa ke jiransa a gonar gero zai sha wuyar samun izini.

Moheli kuwa tana can cikin Tekun Indiya, tafiyar ta fi tsawo da tsada, kuma sauro bai ƙare a ƙasar ba. Amma mutanenta Musulmi ne, Faransancin da aka koya a lakkwal yana aiki, ba a fargabar abinci ko neman masallaci. A ƙauyen Itsamiya kunkuru na hawa tudu don saka ƙwai a kowane lokaci na shekara, don haka ana iya tafiya bayan kaka. A ganina, ga wanda bai taɓa fita ba, Moheli ta fi sauƙin zama, muddin aljihu zai ɗauki kuɗin jirgi.