Na gwada ɗaukar masu ƙananan ayyuka ta manhajar waya sau uku

Maigidana a Abuja yake aiki. Sai ranar Juma'a yake hawo jirgin ƙasa ya sauka a tashar Rigasa nan Kaduna, Lahadi ya koma, saboda haka duk abin da ya lalace a gida a tsakiyar mako ni ce da shi. Da can akwai wani dattijo mai gyaran famfo da wuta da muka saba da shi tun muna haya a Tudun Wada. Amma da muka dawo Badarawa, aka kuma cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motarsa zuwa da dawowa ya kusa kamo ladan aikin. Shi kunya ta hana shi faɗa, ni kuma nauyi ya hana ni yawan kiransa.

Ƙanwata ce ta sa mini manhajar. "Yaya, ki daina bin layi kina cigiyar lebura," in ji ta. Tsarin ba wuya: ki zaɓi irin aikin, ki ɗauki hoto ki tura, a nuna miki kuɗi, ki biya ta banki. Kuɗin yana hannunsu, ba za su sakar wa ma'aikacin ba sai kin danna cewa an gama. Kafin ya iso kina ganin hotonsa da taurarin da waɗanda ya yi wa aiki suka ba shi.

Aikin farko wankin tankin ruwa ne, naira dubu takwas. Rigimar farko kwatance. Taswirar ta kai yaron wani layi daban, ya kira ni sau huɗu. "Hajiya, ga ni gaban wani shagon POS." To wane daga ciki? A unguwarmu duk taku ashirin akwai mai POS ƙarƙashin lema. Sai da na tura ɗana ya tsaya bakin masallaci ya taho da shi. Masu manhajar nan kamar sun ɗauka kowane gida a Kaduna yana da lamba a jikin ƙofa, alhali mu da "bayan makarantar Islamiyya, gida mai baƙin get" muke gane juna.

Amma fa aiki ya yi. Ya yi sallama ya tsaya a waje har sai da na ce ya shigo, abin da na lura da shi ƙwarai tunda maigida ba ya nan. Ya zo da buroshinsa da bokiti, ya tsiyaye ruwan, ya cire takalmi ya zura cikin tankin. Laka da gansakukar da ya kwaso sun cika bokiti biyu, har tsigar jikina ta tashi da na tuna da wannan ruwan muke alwala muke wanke-wanke. Da ya gama ya ɗauko hoton cikin da wayarsa ya nuna mini, tunda ba hawa zan yi in duba ba. Ya kuma nuna mini ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ya tsage, shi ya sa ruwa ke malala ta bango. Bai nemi ƙarin ko sisi ba. Abin da ya roƙa ɗaya ne: "Don Allah Hajiya a danna mini tauraro biyar, da shi ake ba mu aiki." Na danna, na haɗa shi da tuwo.

Na biyu yashe kwata ne gab da faɗuwar damina. Mutum biyu suka zo, suka yi, suka kwashe dattin a baro. Ba abin cewa.

Na uku ne ya ɓata mini rai, kuma da laifina a ciki. Soket ɗin kicin ne ya ƙone. An ce mai gyaran zai zo ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso, ba ko ba-haƙuri. Yana duba wurin ya rage murya: wai in soke aikin a waya in ba shi a hannu, zai rage mini dubu ɗaya, don kamfani na yankar kasonsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na yarda. Sannan ya ce kuɗin da na gani na aikin hannu ne kawai, kayan gyara daban, kuma da na koma na karanta, gaskiyarsa ce, an rubuta da ƙananan haruffa a ƙasa. Ya karɓi kuɗi ya je ya sayo, ba rasit. Kwana biyu soket ya fara tartsatsi da warin roba. Na kira shi, waya a kashe. Na kai ƙara a manhajar, aka amsa mini da Turanci cewa aikin da aka soke ba ya hannunsu. Me zan ce?

Wannan Turancin ma abin dubawa ne. Komai na ciki da shi aka rubuta, har sharuɗɗan. Maƙwabciyata ta so gwadawa, sai da na zauna na cike mata.

A ganina, aikin da ido zai iya tantancewa nan take, irin wanki, shara, yankan ciyawa, ɗaukar kaya, manhajar ta fi tsayawa ciniki da wanda ba ki sani ba a bakin titi, muddin kuɗin ya bi ta cikinta. Wuta da gas kuwa ban ƙara ba. Dattijonmu na Tudun Wada na kira, ya zo ya buɗe soket ɗin, ya ɗago wayar da aka sa, siririya kamar ta rediyo, ya girgiza kai kawai. Wannan karon na ware masa kuɗin mota daban tun kafin ya zauna.

Yaron tanki kuwa na sake nemo shi ta manhajar, ranar Talata zai zo ya wanke na gidan Mama a Unguwar Sarki. Na riga na gaya wa ɗana ya jira shi a bakin titi.