Mota ko metro a Riyad: amsa ga ƙanenmu na Manfuha

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren Alhamis, na bari sai yau Asabar da nake gida don in amsa maka a tsanake. Ka ce wata biyu ke nan da ka baro Jidda, ka samu aiki a wani kamfani a unguwar Olaya, kana haya a unguwar Manfuha, kuma ka tara riyal 25,000. Kana so ka sani, ka sayi mota ta hannu ko ka ci gaba da bin metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari? Waɗanda suka riga ni amsawa sun rabu biyu. Wasu sun ce magidanci a Riyad ba mota tamkar manomi ne ba fartanya, wasu sun ce kada ka kuskura. Ni na ɗanɗana duka biyun. Shekara bakwai ina tuƙa kaina daga unguwar Nasim zuwa wurin aikina a arewacin gari, amma tun da aka buɗe metro, yawancin ranakun aiki a jirgi nake tafiya, motar tana ƙofar gida.

Bari mu fara da kuɗi, tunda a nan aka fi yin kuskuren lissafi. Katin metro na kwana 30 riyal 140 ne, kuma da shi za ka hau jirgi da bas duk sau nawa ka ga dama. Tikitin awa biyu riyal 4, na mako riyal 40. Fetur kuwa, mai lamba 91, riyal 2.18 ne lita, farashin da gwamnati ta ƙayyade tun watan Yulin 2021. A ce kana yin kilomita 25 zuwa da dawowa, kwana 22 a wata, kilomita 550 ke nan. Ƙaramar mota mai shan lita 9 a kilomita 100 cikin gari da mukayyif a kunne za ta ci maka wajen riyal 110. Ka ga man bai ma kai kuɗin katin ba. Wannan lissafin ne masu cewa ka sayi mota suke yi, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Sai dai ba a bakin famfon mai mota take cin mutum a ƙasar nan ba.

Akwai inshora, wato ta'amin, da doka ta wajabta kowace shekara. Akwai fahas, wato gwajin lafiyar mota, akwai sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, akwai juyen mai da tayoyi, ga batir da zafin Riyad yake kashewa da wuri. Motar riyal 25,000 kuwa ta sha tafiya kafin ta zo hannunka. Tawa ta farko a ma'aridan Shifa, wato kasuwar motoci ta unguwar Shifa, na saye ta, fenti yana ƙyalli, mai ita yana rantsuwa ba ta taɓa kwana a gareji ba. Ba ta yi wata huɗu a hannuna ba giya ta fara fizga. Na kai ta Sina'iyya, unguwar makanikai, wani makanike ya riƙe ta kwana tara, ya karɓi kusan albashina na rabin wata, bayan sati uku matsalar ta dawo. Kwana taran nan da tasi nake zuwa aiki, domin a lokacin babu jirgi babu bas ɗin kirki. Araha ba ta ado. In har za ka saya, ka kai ta wurin masu gwajin kwamfuta da ka zaɓa da kanka, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba.

Sai kuma tara, wadda su suke kira mukhalafa. Kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi suna kan manyan hanyoyi da mahaɗu, ba sa barci, ba sa jin magiya. Taɓa waya kana tuƙi riyal 500 zuwa 900 ne. Ƙetare jar danja riyal 3,000 zuwa 6,000. Ka dubi wannan da kyau: kuskure ɗaya na daƙiƙa biyu a danja ya haura kuɗin katin metro na wata 21. Na taɓa ɗaga waya a Titin Khurais don in gaya wa maigidana na makara, kafin azahar saƙo ya shigo. Laifina ne, na biya, amma kuɗin cefanen gida ne suka tafi. Ga mu baƙi abin yana da wani nauyi na daban, domin tarar tana rataye a lambar iƙamarka (katin izinin zama) a Absher, manhajar gwamnati, kuma sai ka biya kafin a ba ka bizar fita da dawowa. Ranar da za ka bar ƙasar gaba ɗaya ma, sai ka fitar da motar daga sunanka tukuna. Na ga wanda rasuwa ta same shi a gida, yana neman tafiya cikin gaggawa, sai da 'yan'uwa suka yi masa karo-karo aka biya tarar da ta taru a kansa.

Batun lokaci ya fi kuɗi damuna. Riyad ba Jidda ba ce, ta fi ta faɗi, mutanenta sun kai miliyan 7, kuma an gina ta ne don mota. Daga Lahadi zuwa Alhamis, tun bakwai saura na safe Titin Sarki Fahad da hanyoyin zobe na gabas da arewa suke cika, da yamma kuma a sake. Abin da ke ci wa mutum rai a zahamar nan, wato cunkoson motoci, shi ne rashin tabbas. Tafiyar da ka yi jiya a minti 35, yau ƙaramin karo ɗaya a kan gada zai mayar da ita awa da kwata, ana jiran ma'aikatan Najm, kamfanin da ke duba haɗurran mota, su zo su duba. Na'urar basma mai ɗaukar lokacin zuwa aiki a ofis kuwa ba ruwanta da gada, lokacin da ka ɗora yatsa kawai ta sani. Sannan in ka isa Olaya wani aikin ne sabo, neman wurin ajiye mota. Ka tambayi kamfaninku ko suna ba ma'aikata wuri. In ba sa bayarwa, ka saka zagayen neman wuri da kuɗin fakin a lissafinka.

Jirgi bai san zahama ba. An buɗe layuka uku na farko ranar 1 ga Disamba 2024, na ƙarshe ya fara aiki ranar 5 ga Janairu 2025. Layi 6 ne, kilomita 176, tasha 85, kuma babu direba a ciki, na'ura ce take tafiyar da shi. Ni Layi na 6 nake bi daga Nasim har KAFD, unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, ba canji. Abin da na samu a ciki wanda ban zata ba shi ne natsuwa. Da, kafin in isa ofis na riga na gaji, wuya ya sage, raina ya ɓaci da wanda ya yanko gabana ba sigina. Yanzu a zaune ko a tsaye nake kammala azkar ɗin safe, in karanta shafi biyu ko uku, in amsa saƙon mahaifiyata kafin ta fita kasuwa, tunda awa biyu muke gaban Najeriya. Ba kullum ake samun kujera ba, gaskiya. Ɓangaren maza marasa iyali yana cika maƙil da safe da lokacin tashi, musamman a tashoshin canji irin STC da Ƙasrul Hukum, wani lokaci sai ka bar jirgi ɗaya ya wuce. Amma na gaba ba ya daɗewa.

To ga abin da nake ganin shi ne zai yanke maka hukunci, kuma ban ga wanda ya ambata shi ba: tazarar da ke tsakanin ƙofar gidanka da tasha, da wadda ke tsakanin tasha da ƙofar ofis. Cikin jirgi da tasha akwai sanyi. Waje kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, zafin Riyad yana haura digiri 40 kusan kullum. Tafiyar minti 7 a ƙafa a watan Janairu daɗi ce, a watan Agusta da ƙarfe huɗu na yamma kuwa kwalta tana huci, iska kamar daga bakin tanda, ka isa gida riga ta manne a baya. Minti 7 ana jurewa da lema da gorar ruwa. Minti 20 ba a jurewa kullum, duk wanda ya ce maka zai iya bai gwada ba. Nan ne mutane da yawa suke karaya, su fara kiran Uber ko Careem zuwa tasha safe da yamma, a ƙarshen wata su tarar arahar ta gudu. Ni gidana yana da nisa da tasha, bas nake hawa zuwa can. Bas-bas ɗin sun fara aiki tun Maris 2023, kati ɗaya ne da na jirgi, kuma manhajar Darb tana nuna hanyoyinsu. Amma bas a titi yake tafiya, abin da ya tare mota yana iya tare shi, kuma jiransa a rana shi ne mafi wuyar tafiyata gaba ɗaya.

Kai kuwa Allah ya yi maka gyaɗar dogo. Layi na 1, shuɗin, ya bi ta Manfuha, ya ratsa Ud da Ƙasrul Hukum da Batha da Murabba, ya miƙe ƙarƙashin Titin Olaya. Ba canji, ba bas, in dai ɗakinka bai yi nisa da tasha ba. Mutane suna ƙara kuɗin haya don su samu irin wannan.

Ba zan ɓoye maka inda mota ta fi ba, domin da ba ta da amfani da na sayar da tawa. Jirgi yana tsayawa wajen sha biyun dare, mai aikin dare ko mai fita kafin asuba ba zai dogara da shi ba. Wanda aikinsa na yawo ne, yau wannan unguwa gobe waccan, ko wanda ma'aikatarsa take bayan gari, shi ma mota ce tasa. Sai kuma iyali. Daren da zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yata ƙarfe biyu, ban tsaya neman kowa ba, na ɗauke ta muka tafi asibiti. Buhun shinkafa da katan ɗin ruwa ba a jirgi ake ɗauko su ba. Ziyarar 'yan'uwa ranar Juma'a, suna ko ta'aziyya a unguwar da layi bai kai ba, duk mota ce. Ko da yake a nan ma metro ya sauƙaƙa wani abu. Akwai ɓangaren iyali daban, kuma uwargidana, wadda ba ta tuƙi duk da an ba mata izini tun Yunin 2018, yanzu takan je Batha sayayya da yara ba sai ta jira na taso ba.

Ka ce iyalinka suna gida, sai baɗi in Allah ya yarda za ka ɗauko su. Saboda haka ni a ganina kada ka saya yanzu. Ka bar kuɗinka a ajiye, ka sayi katin wata, ka yi bazara ɗaya cikakkiya a jirgi. A wannan tsakanin ka nemi lasisin tuƙi na Saudiyya in ba ka da shi, ka riƙa ƙara wani abu a kan 25,000 ɗin duk wata, don in iyali sun iso ka sayi motar da ba za ta mayar da kai ɗan gidan Sina'iyya ba. Ko a lokacin ma ka bar ta don dare da ƙarshen mako, Olaya kuwa ka ci gaba da zuwa a jirgi.

Gobe Lahadi in ka fito, ka duba agogo a ƙofar gida, ka sake dubawa a bakin tashar Manfuha. Ka yi haka daga tashar da kake sauka zuwa ofis. In kowanne bai wuce minti 10 ba, ka bi abin da na faɗa maka. In ya wuce, ka rubuto mini lambobin da sunan titin da kake, mu duba ko akwai bas da ke bi ta wurin, ko kuwa canjin ɗaki zuwa kusa da tasha zai fi maka sauƙi a kan sayen mota. Allah ya sa albarka a aikin.