Gwangwani mai toshe iska ko mazubi mai awo: wanne ya dace da garin gahawa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce shi niƙaƙƙiyar gahawa yake saya, yana shan kofi biyu a rana, kuma ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin gwangwani mai murfin da ke toshe iska da mazubin nan mai mariƙi, wanda ake ja ya zubo da gari daidai awo. Malam, gwangwanin ya fi dacewa da kai, amma dalilin yana bukatar bayani, domin kayan nan biyu ba aiki ɗaya aka ƙera su su yi ba. Na farko an yi shi ne don ya tsare gari daga lalacewa, na biyu kuma don ya sauƙaƙa wa mai aiki awo, kuma dabarar da ta sa na biyun ya iya aikinsa ita ce take hana shi tsare gari yadda ya kamata.

Ƙwayar gahawa da aka gasa tana riƙe da mai da ƙamshi da iskar kabon dayoksaid a cikin ƙananan ramukan jikinta, kuma muddin ba a fasa ta ba, bayanta kaɗai iska ke taɓawa. Da an niƙa ta, ƙwaya ɗaya ta koma ɗaruruwan ɓarɓashi, kowanne a buɗe ta kowane gefe, sai ƙamshin ya fara tashi, oksijin kuma ya samu hanyar shiga man. Oksijin kuwa kusan kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, saboda haka duk sararin da ya rage a saman gari cikin mazubi yana ɗauke da rabonsa. Ban da wannan, gasasshiyar gahawa busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙar danshi da warin duk abin da aka ajiye kusa da ita, zafi da haske kuma suna ƙara hanzarta lalacewar. Garin ba ya ruɓewa ta yadda zai cutar da mai sha idan yana a bushe, sai dai ya yi lami, daga baya kuma ya ɗauko ɗanɗanon tsohon mai. Da waɗannan abubuwa huɗu, iska da danshi da zafi da haske, za a auna kowane mazubi.

Gwangwanayen ajiya ba iri ɗaya ba ne. Mafi sauƙinsu shi ne mai murfi da zoben roba da maɗauri, wanda ke hana sabuwar iska shiga amma yake rufewa da wadda ya tarar a ciki. Ranar da aka cika shi babu matsala, to amma kullum garin yana raguwa sarari yana ƙaruwa, har ya kai ga ɗan garin da ya rage a gindi yana zaune ƙarƙashin iska mai yawa, kuma duk buɗewa sabuwa ce ke shigowa. Shi ya sa girman gwangwani yake da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato: wanda ke sayen giram 250 bai kamata ya zuba shi a mazubin da ke cin kilo ɗaya ba.

Iri na biyu yana da murfin ciki da ake dannawa ƙasa har ya kwanta a kan garin, iskar da ke tsakani ta fice ta wani ɗan bawul, wato 'yar ƙofar da ke sarrafa wucewar iska, sannan a rufe murfin waje. Airscape na kamfanin Planetary Design shi ne sanannen misali. Ba ya cire iskar da ke tsakanin ɓarɓashin kansu, amma yana kawar da babban sararin sama, kuma murfin yana bin garin ƙasa yayin da yake raguwa. A ganina wannan ne ya fi dacewa da niƙaƙƙiyar gahawa, saboda abin da zai iya lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Iri na uku shi ne mai zuƙe iska da famfo, kamar Atmos na kamfanin Fellow, wanda ake murza murfinsa gaba da baya har matsin iskar ciki ya ragu. A kan ƙwaya yana aiki sosai, amma gari mai laushi yakan bi iskar da ake zuƙa ya shiga bawul ko ya kwanta a kan zoben roba, kuma ɗan ɓarɓashi kaɗan ya isa ya sa murfin ya riƙa sace iska ba tare da mai shi ya sani ba. Akwai kuma masu bawul mai hanya ɗaya, irin wanda ake gani a jikin jakar gahawa, wanda ke barin kabon dayoksaid ya fita ba tare da iska ta shiga ba. Amfaninsa ya fi yawa ga ƙwayar da aka gasa kwanan nan, domin gari ya riga ya saki mafi yawan wannan iskar tun lokacin niƙa da jim kaɗan bayansa, don haka bai cancanci ka zaɓi gwangwani saboda shi kaɗai ba.

Batun abin da aka ƙera gwangwanin da shi gajere ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa da tangaran suna tare haske kuma ba sa riƙe wari. Gilashi ma ba ya riƙe wari amma sai an ɓoye shi a cikin kabad, roba kuwa tana shan man gahawa a hankali har wankewa ta gagara raba ta da warin.

Shi kuwa mazubi mai awo, asalinsa daga shagunan gahawa ne, inda ake haɗa shi a gaban injin niƙa. A gindinsa akwai faifai mai rassa kamar tauraro wanda ya raba wurin zuwa ƙananan ɗakuna, galibi shida, kuma duk lokacin da aka ja mariƙin sai faifan ya juya da ɗaki ɗaya, abin da ke cikin ɗakin ya faɗo ta rami. An saba saita shi a kan giram 7 ko kusa da haka, wanda shi ne awon esfureso ɗaya (ɗan ƙaramin kofin gahawa mai ƙarfi da inji ke matsowa) a al'adar Italiya, kuma akwai abin murzawa a tsakiya da ke ƙara wa ɗakunan zurfi ko ya rage. Waɗanda ake sayarwa don gida ko ofis, na kafawa a bango da na ajiyewa a kan tebur, wannan dabara suka ɗauka, wasu kuma suna amfani da ɗan aljihu mai zamewa ko murɗaɗɗen ƙarfe da ke tura gari gaba idan ya juya, kamar yadda ake yi a injinan da ke haɗa abin sha da kansu.

Ko wace ce dabarar, dole ne mazubin ya kasance da ƙofar fita a ƙasa da sassa masu motsi, kuma dole ne iska ta shigo ta maye gurbin garin da ya fita. Taura biyu ba ta taunuwa: abin da ke buɗewa sau da yawa a rana ta ƙasa ba zai toshe iska kamar gwangwani mai zoben roba ba, ko da murfin samansa yana da kyau. Yawancinsu kuma jikinsu na roba ne mai nuna ciki, don a ga yawan abin da ya rage, wato haske ma ya samu hanya.

Awon nasa ma ba daidai yake ba kamar yadda ake tallata shi. Cika yake aunawa, ba nauyi ba, kuma nauyin garin da ke cika ɗaki ɗaya yana sauyawa. Gahawar da aka gasa ta yi baƙi sosai ta fi kumbura kuma ta fi rashin nauyi a kan wadda aka gasa sama-sama, girman niƙa yana sauya yadda garin ke zama, haka kuma garin da ya kwana ya daddale ya fi wanda aka zuba yanzu nauyi a cika ɗaya. Masu aiki da shi a shago sun san cewa ba ya bayar da awo mai kyau sai yana da isasshen gari a ciki da zai cika ɗakunan, idan kuwa ya kusa ƙarewa sai ja ɗaya ya zo cikakke, na gaba ya zo rabi. Wato na'urar tana so a ajiye gari da yawa a cikinta kafin ta yi daidai, alhali ajiye gari da yawa a buɗe shi ne abin da ake gudu. Wannan na cikin dalilan da suka sa shagunan da ke kula da ɗanɗano suka koma ga injinan da ke niƙa abin da ake bukata nan take, suna tsayawa bisa lokaci ko bisa nauyi.

Akwai kuma matsalar zubowa, wadda injiniyoyi suka daɗe suna nazari a kan rumbunan hatsi da manyan mazuban masana'antu. Tun a 1895 injiniyan Jamus Janssen ya nuna cewa hatsi ba ya danna gindin rumbu kamar yadda ruwa ke yi, domin bango yana ɗaukar wani kaso na nauyin, kuma a 1961 wani masani mai suna Beverloo da abokan aikinsa suka nuna cewa saurin zubowar ƙwayoyi ya dogara ne da faɗin rami, ta yadda ninka faɗin sau biyu yake ƙara zubowar fiye da sau biyar. Wannan lissafi na abubuwa ne masu gangarowa da kansu, kamar shinkafa ko sukari mai manyan ƙwayoyi. Garin gahawa ba haka yake ba, musamman mai laushi: yana da mai, yana manne wa juna, yana kuma ɗaukar lantarkin gogayya da ke liƙa shi a jikin roba. Saboda haka yakan yi baka a saman rami ya ƙi faɗowa, ko kuma tsakiya ta zube ta bar rami kamar rijiya, gefe yana tsaye. Andrew Jenike, wanda ya yi bincikensa a jami'ar Utah ta Amurka a farkon shekarun 1960, shi ne ya bambance zubowar da dukan kayan ke motsi tare da wadda tsakiya kaɗai ke tafiya. A ta biyun, abin da aka fara zubawa shi ne yake fita a ƙarshe. Ma'anar wannan ga mai mazubi a gida ita ce, idan yana ƙara sabon gari a kan tsoho ba tare da ya juye shi gaba ɗaya ba, to akwai garin da ya yi makonni a jikin bango yana jiran ranar da zai faɗo cikin kofinsa.

Wajen wanki ma gwangwani ya fi sauƙi, tunda ciki ɗaya ne da murfi da zobe. Mazubi mai awo sai an kwance faifan an goge kowane lungu, domin man da ya taru a wurin yana tsufa ya ɓata sabon gari, kuma idan aka mayar da shi bai gama bushewa ba garin zai dunƙule.

Duk da haka kada a zalunci mazubin, yana da wurin da babu kamarsa. Inda mutane da yawa ke sha, kamar ofis ko wurin saukar baƙi, garin da aka zuba da safe yakan ƙare kafin yamma, don haka iska ba ta samun lokacin yin ɓarna, ga shi kuma babu cokalin da ke yawo daga hannu zuwa hannu, babu mai sa jiƙaƙƙen cokali a cikin gari, kuma kowa yana samun awo kusan ɗaya. Haka yake ga mai rawar hannu ko raunin gani, wanda jan mariƙi ya fi masa sauƙi a kan ɗiba da cokali. A kan sukari da shinkafa da makamantansu kuwa ya fi gwangwani daɗin aiki, domin ba su da ƙamshin da zai gudu kuma suna gangarowa lafiya, danshi kaɗai ne abin tsoro, musamman ga sukari da gishiri. Gahawar da ke narkewa nan take a ruwa ita ce ta fi kowanne rashin jure buɗaɗɗen mazubi ta wannan fuska, domin tana zuƙar danshi da sauri har ta dunƙule ta toshe ƙofar.

Idan muka dawo kan lissafinka, Malam, awon da masana gahawa suka saba bayarwa ga wadda ake tacewa shi ne kimanin giram 55 a lita ɗaya ta ruwa, wato kusan giram 14 ga kofi mai cin rubu'in lita. Kofi biyu a rana giram 28 ke nan, jakar giram 250 kuma za ta kai ka kusan kwana tara. Kwana tara a gwangwani mai murfin ciki abu ne da garin zai iya jurewa ba tare da ya yi lami sosai ba, amma kwana tara a mazubin da iska ke ratsawa za ka ji bambancin tun kafin ka kai rabi. Wahalar awon da kake son gudu kuma ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram zai ɗauke maka ita fiye da kowane faifai, kuma bayan 'yan kwanaki za ka san cokali nawa ne ke ba ka giram 14 a irin garin da kake saya.

Idan kuma ranka ya riga ya kwanta da mazubin saboda saurinsa da safe, ka sayi mafi ƙanƙanta, wanda jikinsa ba ya nuna ciki kuma ake iya kwance shi, ka zuba masa na kwana biyu ko uku kawai, sauran ya zauna a gwangwani, kuma kada ka ƙara sabo sai ka juye tsohon tas. Kada ka sa ko ɗaya daga cikinsu a firiji, domin duk fitarwa raɓa za ta sauka a kan gari mai sanyi. Idan ka sayi fiye da abin da za ka shanye a mako biyu, ka raba shi ƙananan ƙulli masu toshe iska ka sa a firiza, ka riƙa ciro ɗaya ɗaya, kana barin kowanne a rufe har sanyinsa ya tafi kafin ka buɗe shi.